Gaɓar tekun Malaga: mu sauka a bakin ruwa ko mu hau ƙauyukan dutse?

Abban_Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kudancin Sifaniya, gaɓar tekun Malaga da ake kira Costa del Sol. Ƙanena zai kammala karatu a Granada farkon watan Yuli, kuma in Allah ya kai mu za mu je taya shi murna, ni da maiɗakina da yaranmu biyu da Hajiya mahaifiyarmu. Biza ta fito, alhamdu lillahi. Bayan biki muna so mu gangara bakin teku mu ɗan huta kafin mu juyo gida.

To ga inda muka rabu. Maiɗakina ta fi son mu kama otal a bakin ruwa, Torremolinos ko Fuengirola, yara su sha wasa. Ni kuwa tun da na ga hotunan fararen ƙauyukan nan da ke maƙale a jikin duwatsu hankalina ya koma can, ina ganin wanda ya je ya kwanta a bakin ruwa kawai bai ga ƙasar ba. Hajiya tana fama da gwiwa, doguwar tafiya tana ba ta wuya. Ni kuma ba na son tuƙi a ƙasar da ban san hanyoyinta ba. Ina ya kamata mu sauka, kuma me ya cancanci a je a gani?

Injiniya_BK:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa karatun ya amfani al'umma. Alhaji, tunda ga gwiwar Hajiya ga rashin mota, ku sauka a bakin teku, amma a kan layin jirgin ƙasa. Akwai ƙaramin jirgi mai lamba C1 da ke tashi daga tsakiyar Malaga, ya tsaya a filin jirgin sama, ya bi ta Torremolinos da Benalmadena ya ƙare a Fuengirola. Daga farko zuwa ƙarshe bai kai awa ɗaya ba. In kuna kusa da tasha, shiga birni da dawowa ba wani aiki ba ne. Ka lura, jirgin ba ya kaiwa Marbella, can sai bas ko tasi. Ƙauyuka kuma a riƙa zuwa da safe ana dawowa.

Maman_Ilham:
Ina bayan Injiniya. Ƙauyukan nan a hoto ne suke da sauƙi. A ƙafa hawa ne da gangare da matakala, ga lungunan an shimfiɗa musu duwatsu masu santsi. Na kai mahaifiyata Frigiliana, kuma ita ma gwiwa ce matsalarta. Daga dandalin da bas ke ajiye mutane ba ta iya haura tsohuwar unguwa ba, sai muka sa ta a ƙaramin jirgin yawon nan mai taya da ke zagaya gari. Ta ji daɗi, amma a ce can muka kwana da kaya da komai, da ta sha wuya.

Sadauki77:
Ni fa ban yarda ba. Torremolinos dogayen benaye ne na siminti jere da juna, da shagunan sayar da giya, da Turawan Ingila da Jamus kwance a rana. Mutum ya kashe miliyoyi ya je ya kalli wannan? Abban Sumayya ya yi gaskiya, Andalus ɗin da muke ji a littafi tana kan dutse. Je ka Ronda ka kwana, ka ga abin da nake faɗa.

Ummu_Affan:
Akwai maganar da ba wanda ya taɓo, kuma ita ce ta fi damuna. Shigar mutane a bakin ruwan nan. Ba ƙaramin tsiraici ake yi ba, musamman a Yuli da Agusta, har da matan da ba sa rufe ƙirji, kuma a wurinsu ba laifi ba ne. Za ka je da uwa da mata da yara. Ka yi tunani sosai kafin ka kama ɗakin da tagarsa ke kallon rairayi.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Salamu alaikum. Ni a Fuengirola nake zaune, a kicin ɗin wani gidan abinci nake aiki, don haka bari in faɗi abin da nake gani kullum. Maganar Anti Ummu Affan gaskiya ce, ba ƙari. Amma akwai lokaci. Mutanen nan ba sa fitowa da wuri, saboda dare suke rayawa. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma bakin ruwa na tsofaffi masu motsa jiki ne da masu share rairayi. Iyalan Larabawa da na Maroko da yawa a wannan lokacin suke kawo yaransu, ko kuma bayan rana ta yi sanyi. Mata masu hijabi suna shiga teku da cikakkiyar sutura, ban taɓa ganin an hana kowa ba. Wurin ninƙaya na cikin otal ne kowane da dokarsa, wannan sai a tambaya tun kafin a biya.

Fuengirola tana da masallacin Juma'a, tana da mahauta 'yan Maroko masu naman halal, kuma garin shimfiɗe yake, babu hawa. Hanyar bakin ruwa doguwa ce, da kujeru a ko'ina, Hajiya za ta iya tafiya kaɗan ta zauna. Shawarata ku bar otal ku kama gida mai kicin, layi biyu ko uku daga bakin ruwa. Ya fi arha ga mutum biyar, kuma Hajiya za ta ci abin da ta saba.

Ummu_Affan:
Allah ya saka da alheri ɗan uwa. To in haka ne da sauƙi. Amma ni dai da yammacin ma ban natsu ba, safiyar ta fi.

Almajirin_Zaure:
Malam Sadauki, ka ce Andalus tana kan dutse kawai, a nan zan ɗan ja da kai. Garin Fuengirola da ake rainawa shi ne Suhail na littattafanmu. Imam Suhaili, makahon malamin nan da ya yi sharhin Sirar Ibn Hisham, nan ake danganta shi, ya rasu a Marrakesh a 1185. Har yau ganuwar Suhail tana nan a kan tudu a bakin kogin garin, ana shiga.

Ibn Battuta ya bi wannan gaɓar a wajen 1350. Ya fito daga Jabal Tariƙ, wato dutsen Jibralta, ya hau Ronda, ya sauko Marbella, ya nufi Malaga. A Marbella ya haɗu da wasu mahaya da suka riga shi tashi, sai ya tarar a hanya maharan Kirista da suka sauka daga jiragen ruwa sun kama su. A wannan ganuwar ta Suhail ya kwana saboda tsaro. Da ya isa Malaga ya iske alƙali da manyan gari a masallaci suna tara kuɗin fansar waɗanda aka kama. Ya yabi inabin garin da ɓaure da rumman, ya yabi dogayen itatuwan lemo na harabar masallacin. Wannan mutumin shi ne bayan 'yan shekaru, a 1353, ya zo Takedda ta ƙasar Agadas, har ya ambaci Gobir. Idon da ya ga Malaga shi ya ga ƙasarmu.

A cikin birnin Malaga akwai Alcazaba, fadar sarakunan Musulmi ta ƙarni na 11, sama da ita kuma sansanin Gibralfaro. Babban cocin garin a gurbin wancan masallacin aka gina shi bayan garin ya faɗi a 1487, kuma har yanzu akwai fili mai itatuwan lemo a gefensa. Kasuwar Atarazanas da ake sayar da kifi da zaitun, babbar ƙofarta ta zamanin sarakunan Banu Nasr ce, lokacin wurin masana'antar jiragen ruwa ne kuma teku na zuwa har bakinsa. Duk wannan a bakin ruwa yake.

Sadauki77:
Allah gafarta Malam, na karɓi gyara a kan tarihi. Amma ganuwa ɗaya a tsakiyar benaye ba ta kai gari sukutum da ya riƙe fasalinsa ba. A Ronda tsohuwar unguwa tana gefe ɗaya, sabuwa tana ɗaya gefen, tsakaninsu kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100, kogi na gudu a ƙasa. Gadar da ta haɗa su an gama ta a 1793. Ka tsaya a kanta ka leƙa, sai ka ji ƙafarka ta yi sanyi. A ƙasan gari akwai gidan wankan Musulmi da ya rage kusan yadda yake, da rufinsa mai hudoji siffar taurari don haske ya shiga. Abbas ibn Firnas da ya gwada tashi sama da fukafukai tun ƙarni na 9 ɗan Ronda ne. Masu zuwa da bas suna isowa wajen sha ɗaya, su cika gada, su ɗauki hoto, ƙarfe huɗu sun watse. Wanda ya kwana shi ke samun garin da yamma, lokacin da 'yan gari ke fitowa shan iska da jikokinsu.

Likita_Bilki:
Kafin a ɗora Hajiya a hanyar Ronda a san irin hanyar. Wadda ta taso daga San Pedro kusa da Marbella kwana ce bayan kwana, ana hawa har sama da mita dubu kafin a ɗan gangara cikin gari. Mai saurin jiri zai yi amai, yara ma haka. A sha maganin jirin tafiya kafin a tashi, kada a cika ciki, a zauna gaba. Akwai bas daga Malaga da ke bin wata hanyar ta cikin ƙasa, ta fi sauƙin kwana.

Sannan zafi. Kada a ɗauka kan dutse sanyi ne a Yuli. Da rana cikin ƙasa ya fi bakin teku zafi, sai dare ne yake sanyi. A bakin ruwa yawanci ma'auni yana wajen 30, amma akwai wata busasshiyar iska da suke kira terral, in ta sauko daga duwatsu Malaga kan kai 40 ko kusa. Ranar da ta taso tsofaffi su zauna a ɗaki daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Kuma a tafi da magungunan Hajiya isassu, a kwalayensu na asali, da takardar likita.

Baba_Mai_Ritaya:
Mu 'yan Arewa za a tsorata da zafin 40?

Likita_Bilki:
Baba, a gida mai shekaru irin na Hajiya ba ta fita hawan tudu da tsakar rana. Yawon buɗe ido shi ke sa mutum ya yi abin da ba ya yi a gida, shi ya sa na faɗa.

Yar_Gombe:
Ni Mijas zan ba da shawara, ita ce ta raba gardamar. Ƙauye ne fari fat a jikin dutse, sama da mita 400, amma daga Fuengirola bas bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Babban dandalin da wurin tsayawa a hango teku ba su da hawa sosai. In sararin sama ya washe har duwatsun Maroko ake hangowa. Ku je da safe, ku ci abincin rana, ku dawo. Yara za su so jakunan da ake hawa a zaga gari.

Manomin_Kadawa:
Jakunan nan ni tausayi suka ba ni. Na san jaki, da shi na tashi. Dabbar da aka ɗaure da gajeren igiya tun safe tana jiran mai hawa a kan dutse mai zafi ba ta cikin daɗi, ko da an yi mata ado da tuntaye. Su kansu mutanen garin sun daɗe suna rigima a kai, har hukuma ta sa doka cewa wanda ya wuce kilo 80 ba zai hau ba. Yaro ƙarami ya hau na minti kaɗan da safe, ba komai. Babba ya taka da ƙafarsa.

Yar_Gombe:
Haka ne Malam, yaran nake nufi. Kuma masu jakunan ma abincinsu ke nan tun shekarun 1960, ba a ce a kashe musu sana'a ba.

DanDamagaram_Lyon:
Sallama gare ku. Ni daga Faransa na gangara da mota tare da iyali, kuma in gaya maka gaskiya Alhaji, mota ita ce ke buɗe ƙasar. Gabas da Malaga akwai yankin Axarquia, can ne ƙauyukan da masu yawo ba su cika ba. A Archez da Salares hasumiyoyin masallatai na nan tsaye da adon tubalinsu, an ɗora musu ƙararrawa an maishe su na coci. Na tsaya ƙarƙashin ta Archez na daɗe ban ce komi ba. Comares kuma a kan ƙololuwa take, kana hango ta tun daga nesa. Bayansu duka ga dutsen La Maroma, ya haura mita 2,000.

A jikin gangaren za ka ga wasu filaye masu farin baki suna fuskantar rana, nan suke shanya inabi ya zama zabibi, amma wannan sai ƙarshen Agusta da Satumba. Har yau wasu da alfadari suke ɗauko inabin saboda tarakta ba ta iya hawa.

Sai dai hanyoyin ƙanana ne, wani wurin mota biyu ba ta giftawa, kuma kada ka kuskura ka shiga cikin ƙauye da mota, ka aje ta a bakin gari. Tunda ka ce ba ka son tuƙi, ƙanenka fa? In yana da lasisin can, a yi hayar mota ta yini ɗaya ya ja ku.

Injiniya_BK:
A kan hayar mota a yi hattara. Wani kamfani a filin jirgi ya nuna mini farashi mai arha a intanet, da na je karɓa suka ce sai sun riƙe kuɗin ajiya mai yawa a katin bashi, katin cire kuɗi na banki ba su karɓa, in ba haka ba sai in sayi inshorarsu da ta ninka kuɗin hayar. Da na dawo da motar kuma suka nuna wani ƙarce da ban san da shi ba. Duk wanda zai karɓi mota ya ɗauki bidiyonta ciki da waje a gaban ma'aikacinsu. Kuma yawancinsu masu giyar hannu ne, mai canja giya da kanta ta fi tsada. Babbar hanyar AP-7 ana biyan kuɗi, A-7 kyauta ce amma da cunkoso lokacin zafi.

Abban_Sumayya:
Na gode ƙwarai jama'a, ina bin kowace magana, maiɗakina ma tana karantawa. Ƙanena ba shi da lasisi. Tambaya biyu. Na ga bidiyon wata hanya ta katako a jikin dutse, mutane da hular kwano, babbar 'yata ta nace sai ta je. Shekararta goma, ƙaninta shida. Sannan abinci, in mun fita yawo me za mu ci hankali kwance?

Sadauki77:
Caminito del Rey ke nan. An gina ta tsakanin 1901 da 1905 don ma'aikatan tashoshin lantarki na kwazazzabon, Sarki Alfonso na 13 ya bi ta a 1921. Ta lalace har mutane suka faɗa suka mutu a 1999 da 2000, aka rufe, aka sake gina sabuwa a saman tsohuwar aka buɗe a 2015. Yanzu da shinge da komai, amma kana tafe kusan mita 100 sama da kogin Guadalhorce, kuma kusa da ƙarshe akwai gada mai lilo. Tafiyar duka ta kusa kilomita 8, hanya ɗaya ce, ba a juyowa, a ƙarshe bas ke mai da mutane. Ba a barin yaron da bai kai shekara 8 ba, kuma suna duba fasfo. Ke nan kai da babbar ne kawai, Hajiya da ƙaramin su zauna da mamansu. Tikiti yana ƙarewa makonni kafin ranar, ka saya tun yanzu. In iska ta yi ƙarfi rufewa suke yi.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Batun abinci sana'ata ce, Alhaji. Kifi shi ne mafita. Abin da aka san Malaga da shi shi ne espeto, kifin sadin da ake tsirewa a yayyafa gishiri a gasa da itace a cikin tsohon kwalekwale da aka cika da yashi. Kifi da gishiri da wuta, ba wani abu. Ku je unguwar Pedregalejo ko El Palo a gabashin birni, can 'yan gari ke ci. Soyayyen kifi ma da man zaitun ko na sunfulawa ake yi. Akwai gazpacho, miyar tumatir mai sanyi da ake sha, da ajoblanco na almon da tafarnuwa.

Inda za ku kula: alade yana shiga inda ba ka zata. Sukan yayyafa yankakken jamon, wato busasshen naman alade, a kan miya, a kan ƙwai, a kan wake, har kan kayan lambu. Porra, miyar tumatir mai kauri ta garin Antequera, kusan kullum da shi take zuwa. Ka ce "sin jamon, sin cerdo", wato ba jamon, ba alade, tun wajen oda. Kayan fulawa na gargajiya da yawa da kitsen alade ake yi, in ka ga "manteca de cerdo" a jikin leda ka ajiye. Miyar nama kuma sau da yawa da giya ake dafa ta. Ni da nake cikin kicin na san abin da ke shiga tukunya, shi ya sa nake cewa in ba gidan abincin Musulmi ba ne ku tsaya a kan gasasshen kifi.

Lokacin cin abincinsu ma daban ne. Na rana daga ƙarfe biyu, na dare daga takwas da rabi ko tara. Sallah ma haka za ku ga ta ja: a farkon Yuli azahar sai bayan ƙarfe biyu, magariba wajen tara da minti arba'in na dare, isha'i ta wuce sha ɗaya.

Maman_Ilham:
Ƙari a kan Frigiliana, in kun je ku sayi zumar rake. Akwai tsohuwar masana'anta a bakin garin da har yau take dafa ruwan rake ya yi kauri ya yi baƙi, ɗanɗanonsa kamar an narka mazarƙwaila. Suna zuba ta a kan soyayyen gauta, yalon nan baƙi dogo. Mahaifiyata ta ƙi yawancin abincinsu amma wannan ta cinye. Larabawa ne suka kawo noman rake gaɓar.

Nerja tana ƙasa da Frigiliana, tafiyar minti goma sha biyar. Akwai dandalin Balcon de Europa da ya leƙa kan teku, shimfiɗe yake, Hajiya za ta iya. Kogon Nerja da wasu samari biyar suka gano a 1959 abin kallo ne ga yara, amma matakalarsa ta yi yawa, ba na Hajiya ba ne.

Almajirin_Zaure:
Tunda an ambaci Frigiliana, wanda ya haura tsohuwar unguwa zai ga allunan tangaran guda 12 a jikin bango. Labarin yaƙin 1569 suke bayarwa, lokacin da zuriyar Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci suka yi tawaye suka taru a kan dutsen da ke bayan garin. An ci su da yaƙi, aka kashe da yawa, aka bautar da mata da yara, aka kori sauran. Mutum yana kallon furanni a bakin tagogi yana sha'awa, bai san abin da ya faru a wurin ba. A tsaya a karanta wa yara, a yi wa mutanen addu'a.

Manomin_Kadawa:
Ni abin da ya tsaya mini a rai a wannan yankin ruwa ne. Gangaren Axarquia cike yake da gonakin mangwaro da fiya, itatuwa masu shan ruwa, a ƙasar da asalinta ta zaitun da almon da inabi ce masu jure fari. Dam ɗin La Viñuela da ke shayar da su ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari a 2023, manoma suka riƙa sare itatuwan fiya, aka rage wa garuruwa ruwa, har famfunan wanka na bakin teku aka rufe. A gefe guda ga filayen wasan golf kore shar ga wuraren ninƙaya a kowane gida. An samu ruwan sama daga baya dam ya farfaɗo, amma lissafin bai canza ba. Baƙo ya riƙa tattalin ruwa ko ba a ce masa ba.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Malam ka taɓo inda ke mana ciwo. Ba ruwa kaɗai ba, har gida. Masu gidaje sun gane hayar kwana ga baƙi ta fi kawo kuɗi, sai suka fitar da masu hayar shekara. A Yunin 2024 dubban mutane sun yi zanga-zanga a Malaga a kan haka. Mu masu aikin kicin da shara mutum huɗu biyar muke haɗuwa a gida ɗaya. Na san ni na ce a kama gida mai kicin, kuma ban janye ba saboda Hajiya, amma a nemi mai lambar rajista ta hukuma, a kuma kiyaye surutu da dare, maƙwabta da asuba suke fita aiki.

Za ku ga 'yan uwanmu baƙar fata suna yawo a rairayi da tabarau da jakunkuna, yawancinsu 'yan Senegal ne. Ku yi musu sallama ko ba ku saya ba. Da yawansu ta teku suka shigo, kuma rabon su da gida shekaru.

Baba_Mai_Ritaya:
Allah ya rufa asiri, ya ba ku sa'a ɗana. Ni tambayata, tunda an kai nan, ba za a tsallaka Maroko ba? Na ji an ce ana hango ta.

Injiniya_BK:
Baba, daga Tarifa zuwa Tanja awa ɗaya ne a jirgin ruwa, mashigin a inda ya fi ƙunci kilomita 14 ne. Amma Abban Sumayya ya duba bizarsa. In ta shiga sau ɗaya ce, ranar da ya taka Maroko ta mutu, ba zai dawo Sifaniya ya hau jirginsa ba. Kuma mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Maroko daban. Jibralta ma a hannun Birtaniya take tun 1713, a duba dokar shigarta a shafin gwamnatinsu kafin a kama hanya. Wanda dutsen kawai yake son gani, daga Estepona ko ƙauyen Casares ana ganinsa sarai.

Ummu_Affan:
Ba wanda ya yi maganar Marbella sai a wucewa. Akwai Masallacin Sarki Abdul'aziz da Saudiyya ta gina, an buɗe shi a 1981, fari tas a cikin lambu. Hajiya za ta so ta yi Juma'a a can. Tsohon garin ma da dandalin itatuwan lemo yana da kyau kuma ba hawa sosai. Puerto Banus ce ban ga amfanin kai yara ba, jiragen ruwan attajirai ne da motoci da shagunan da ba a tambayar farashi.

Abban_Sumayya:
Bizarmu ta shiga sau ɗaya ce, Maroko ta fita ke nan, Allah ya saka wa Injiniya. Yanzu mun karkata ga gida a Fuengirola kusa da tashar jirgi, mu je Mijas da Malaga da Marbella daga can, ni da Sumayya mu yi hanyar katako in an samu tikiti. Abin da ya rage shi ne Ronda. Zuciyata tana son kwana ɗaya a can kamar yadda Sadauki ya ce, maiɗakina tana ganin ɗaga Hajiya da kaya sau biyu wahala ce.

Sadauki77:
Kada ku ɗaga kaya. Ku bar akwatuna a Fuengirola, kowa ya ɗauki ƙaramar jaka. Ku kama ɗaki a sabuwar unguwa kusa da lambun Alameda del Tajo, daga nan zuwa gada shimfiɗe ne, minti biyar a ƙafa.

Likita_Bilki:
Biyan ɗaki biyu a dare ɗaya ke nan, ga hanyar da na faɗa, zuwa da dawowa. Ni dai Hajiya za a tambaya da kanta, a nuna mata bidiyon hanyar, ba a yanke mata ba.

DanDamagaram_Lyon:
Akwai wata dabara. Tunda daga Granada za ku taso, ba dole sai kun fara sauka teku ba. Jirgin ƙasa yana zuwa Ronda ta Antequera, ba kwane-kwanen mota. Ku kwana can, washegari ku gangara Fuengirola da bas, hanyar dutsen sau ɗaya ke nan za a bi ta, kuma gangara ce. Jiragen wannan layin ba su da yawa a yini, ƙanenka ya je tasha ya duba lokutan tun yanzu, ya tambaya ko akwai canji a Antequera da tsawon jiran.

Likita_Bilki:
Gangarar ta fi hawan sa jiri, Malam. In za a yi haka a nemi bas ɗin da ke bi ta Malaga, sai a ƙarasa Fuengirola a jirgin C1.